Yadda takardar haihuwa ta raba ni da Landan

Duk wanda ya san ni ya san laƙabina. Shekara arba'in da ɗoriya ana ce mini ɗan Landan, ni kuwa ina amsawa har da gyara wuyan riga. To daga yau a daina. Gara ku ji dalili daga bakina, don na san taubashina ya riga ya fara zagayawa da nasa labarin, kuma kun san hannunsa da gishiri.

Wani ofis ne ya nemi cikakkiyar takardar haihuwata, mai ɗauke da sunan uwa da uba. Ta asalin tana cikin akwatin marigayi Baba, kun kuwa san abin da gara ta yi wa akwatin nan. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, Bature ba ya yar da takarda. Tun ranar 1 ga Yuli 1837 ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales, kuma babban ofishin da ke riƙe da su, General Register Office, yana garin Southport. Ka cike fom a intanet, ka biya da kati, a aiko maka ta gidan waya duk ƙasar da kake. Karon farko garin sauri na shiga layin da ba nawa ba, sai da aka tambaye ni shekarar da na rasu sannan na farga. Na koma na cike na haihuwa, wurin haihuwa na rubuta Landan da manyan baƙaƙe. Amsa ta zo cewa an duba ba a same ni ba. Na sake da wani rubutun sunan Baba, tunda shi kansa iri uku yake rubuta shi. Nan ma shiru, wai babu ni.

Sai na ce bari in kira su.

Kuskurena ɗaya ne, kuma har gobe ina cizon yatsa: na sa wayar a sifika. A falo. Hajiya tana zaune a kujerarta, uwargida tana ninke kaya, yara biyu suna ƙasa, ga taubashina da ya shigo wai zai sa caji ya wuce. Ni a nufina su ji yadda ake magana da mutanen garinmu. Na yi gyaran murya, na ɗauko Turancin nan na hanci da nake ajiyewa don manyan ranaku, na gaishe da matar da ta ɗauka.

Ta ce in maimaita.

Na maimaita, na ƙara matse hancin. Ta ce ta ba ni haƙuri, layin ne wataƙila, in sake faɗa a hankali. A karo na uku na saki hancin na yi irin Turancin da Allah ya hore mini, nan take ta gane. Taubashina ya yi wani ɗan tari. Na san tarin nan.

Matar dai mai kirki ce, ba ni da abin cewa a kanta. Ta tambaye ni ko ina da lambar rajista. Ashe kafin 1984 kundinsu wata uku-uku ake tsara shi, kowace haihuwa da gundumarta da lambar littafi da shafi. Na ce ba ni da ita, amma ba sai an wahala ba, a Landan aka haife ni. Ta ce Landan gundumomin rajista ne da yawa, wacce daga ciki? Ko na san sunan asibitin?

Na juya. "Hajiya, a wane asibiti kuka haife ni?"

Hajiya ta ce, "Wani babba ne a kan tudu. In ka leƙa ta taga kana hango ruwa, da wata doguwar gada."

Na kalli taubashina kallon ka ji ko, na gaya wa matar da ƙarfin gwiwa cewa a bakin kogin Thames ne, kusa da gada. Ta ce gadojin suna da yawa su ma. Ta ce ko mahaifiyata za ta tuna unguwar?

"Hajiya, wace unguwa?"

"Ai ba cikin Landan ɗin sosai ba ne. Gefe ne."

"Gefe ina?"

"To, mun dai sauka a jirgin sama, muka kwana ɗaya. Washegari da hantsi muka shiga jirgin ƙasa, sai bayan la'asar muka isa."

Uwargida ta tsaya da ninkin da take yi, riga a hannu. Ni dai na ji wani abu ya tsarga mini tun daga ƙeya har gadon baya, amma na dake. Na ce a raina jiragen da ba su da sauri. Matar tana kan layi tana jira, ana kuma cin kuɗin katina minti-minti.

"Hajiya, sunan wurin nake so. Ku faɗi sunan kawai."

Ta gyara mayafi. Ta kalli carbinta. Ta kalli yara, kamar tana so a fitar da su. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Dandi."

Ban taɓa jin falon nan ya yi tsit irin na lokacin ba. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, matar da ta kasa gane Turancina har sau biyu, kalma ɗaya ta ji daga bakin Hajiya, daga can nesa da waya, ta cafke. Muryarta har da murna: "Dundee! Ai wannan a Sikotlan yake. Shi ya sa ba mu same ka ba, mu Ingila da Wales kawai muke riƙewa." Ruwan da Hajiya ke hangowa ashe kogin Tay ne.

Ƙaramin ɗana ya ɗago kai ya ce, "Abba, mene ne dandi?"

Taubashina ya zame daga kujera. Ba ƙari nake yi ba, zamewa ya yi har ƙasa, ya riƙe ciki, hawaye na zuba, bakinsa a buɗe amma sauti ya ƙi fita. Da numfashi ya dawo masa abin da ya fara cewa shi ne, "Ɗan Dandi! Wallahi dama na ga alama!" Uwargida ta cusa fuska cikin rigar da ke hannunta, kafaɗunta kawai ke rawa.

Da mai hankali ne da ya kashe wayar a nan. Ni sai na ce bari in ceci abin da ya saura. Na maido hancin, na ce wa matar, ai duk ɗaya ne, Sikotlan ɗin ma ai Ingila ce. Ta yi ɗan shiru. Sannan ta ce, cikin ladabi ƙwarai, in na kira Edinbara, babban birnin Sikotlan, kada in ce musu haka.

Na yi godiya. Sau huɗu na yi godiya, don yatsana ya kasa samun wurin kashewa.

Hajiya kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Da wane baki zan dawo in ce wa surukaina mun tafi Dandi ni da ɗansu, har na haihu a can? Kuma a Landan jirginmu ya sauka, ƙarya na yi?" Wato kwana ɗaya tak na yi a Landan, shi ma a ciki.

Bari in dawo kan taubashina, don shi ne ainihin ciwon. Mutumin nan cajin da ya ce ya zo sawa ƙarya ne, wayarsa cike take, da ita ya naɗi rabin abin da ya faru. Kafin magariba muryar Hajiya tana cewa "Dandi" ta shiga zauren WhatsApp na dangi, an yanko ta ita kaɗai, ana tura ta a matsayin amsa ga duk abin da na rubuta. Na yi wa Gwaggo barka da dawowa daga asibiti, aka turo "Dandi". Wannan fa mutumin da jak ɗin motata ke wurinsa shekara biyu, kullum gobe. Mutumin da na tsaya wa lokacin maganar nan da ba zan faɗa a nan ba, shi ya san ta, matarsa ma ta kusa sani. Kuma shi ne ya fi kowa zuga ni tun farko, wai in takardar ta fito in nemi fasfon Birtaniya mu tafi tare, shi a matsayin mai riƙe mini jaka. Na gaya masa tun a lokacin cewa dokar ta canza ranar 1 ga Janairu 1983, daga ranar haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin, Baba kuwa ɗalibi ne, ni kuma na zo a watan Maris. Yanzu ya juya maganar, yana gaya wa mutane wai ko Dandi ɗin ma ba ta karɓe ni ba. Jiya na ga yadda ya ajiye lambata a wayarsa. Ba zan faɗa ba.

Takardar dai ta fito. Sikotlan nasu daban ne, tun 1855 suke nasu rajistar, ofishinsu National Records of Scotland yana Edinbara, kuma bugu ɗaya aka same ni. In faɗi gaskiya takardarsu ta burge ni, har lokacin da aka haifi mutum suke rubutawa, da ranar auren iyayensa da inda aka ɗaura. Hajiya ta sha gaya mini da asuba na zo, shi ya sa nake da albarka. Takarda ta ce ƙarfe biyu da minti goma na rana. Ban tayar da wannan maganar ba, na gaji.

Na kai wa ofishin da ya nema. Wanda ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ce ina hatimin tabbatarwa? Wai apostil, wanda aka yi yarjejeniyarsa a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961, kuma ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ke manna shi, a ofishinta na Milton Keynes. Sai an mayar da takardar can, ita kanta, ba hotonta ba. Na duba taswira da kyau wannan karon, Milton Keynes a Ingila yake, na tabbatar sau biyu.

Tana can yanzu, ko tana hanya, lambar bibiyar da aka ba ni ta daina motsi tun ranar Alhamis. Wanda zai bi ta wajen taubashina ya ce masa ina son jak ɗina kafin Juma'a.