Riɗin Baba da darasin gasa a kasuwa

Bara da kaka na raka Baba cin kasuwa, nan yankinmu na Gumel, da buhu huɗu na riɗi a amalanke. Mutum uku ne ke da sikeli ran nan. Na farko ya dumbuzi riɗin, ya murza a tafin hannu, ya hura, ya ce da ƙasa a ciki, sannan ya yi tayi. Muka matsa gun na biyu, kuɗin ɗaya ne. Na uku ko kai bai ɗago ba, ya maimaita abin da suka faɗa. Baba ya dube ni ya ce, "Sallama masa, ɗan nan, bashin taki na jiranmu." Har muka iso gida bai ƙara cewa uffan ba.

Sai da na koma jami'a, muka fara darasin tsarin masana'antu da gasa a kasuwa, na gane ashe abin nan yana da suna a littafi. Tun 1838 Cournot, wani Bafaranshe, ya lissafa yadda 'yan kasuwa ƙalilan ke tsayar da yawan kayan da za su fitar, farashi ya biyo baya, kowa na lura da motsin ɗan uwansa. Ba sai sun zauna sun haɗa baki ba, kallon juna ma ya isa. A 1933 kuma Joan Robinson ta Ingila ta yi bayanin ɗaya gefen, inda masu saye ne kaɗan, masu sayarwa kuwa rututu. Wallahi ina karantawa ina ganin fuskar Baba.

A aji, misalinmu kullum siminti ne, Dangote da BUA da Lafarge, ko kamfanonin waya. Ba laifi. Amma ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya gina gida sau ɗaya zai sayi siminti, manomi kuwa duk shekara sai ya tsaya gaban sikelin nan. Kuma me ya hana mutum na huɗu shigowa ya ƙara kuɗi? Jari, da sito, da injin gyara, da sanin wanda zai karɓa a kasuwar Dawanau ta Kano. Ga bashin da aka ba manomi tun damina, wanda ya riga ya ɗaure shi kafin riɗin ya nuna. Wannan shingen shi ya kamata mu auna, ba zagin dillalai ba, domin su ma wasunsu yaran wani ne.

Akwai dokar gasa ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, ta kuma haramta haɗa baki kan farashi. Sai dai hukuma ba ta aiki da ƙorafin baka, hujja take so, mu kuwa ba mu da ko littafin farashin kasuwa guda.

Shi ya sa na ɗauki riɗi a matsayin aikin bincikena na ƙarshe. Duk ranar kasuwa zan rubuta masu sikeli nawa ne, nawa kowa ya taya, ƙarfe nawa farashin ya sauka. 'Yan uwa ɗalibai na Dutse da Kafin Hausa da BUK, wanda garinsu ke kusa da Maigatari ko Gujungu ya yi mini magana, ina neman wanda zai riƙe mini can.