Me ke sa magini ya ƙi sa hannu?

Mu ƴan Adar da ke zaune a waje, da wuya ka samu wanda ba ya da gini a Tawa ko Yamai, kuma kukanmu ɗaya ne. Ka aika wa magini ko mai kawo yashi takardar sharuɗɗa, ya ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" Daga nan sai mu ce mutanenmu ba su son rubutu. Ni a ganina laifin na takardar ne.

A duba abin da muke rubutawa. Ranar gama aiki, tarar jinkiri, kaurin ƙarfe, duk a wuyan magini. Ranar biyansa fa? Sai in an aiko. Ga ta da Faransanci, ga mai kuɗin yana wata ƙasa. Wane mai hankali ne zai ɗaure kansa haka?

Nan Faransa ba a roƙon ƙaramin ɗan kwangila ya sa hannu, don shi ma takardar tana kare shi. Dokar 1975 ta sa a aikin gwamnati, in babban ɗan kwangila ne ya ba shi wani ɓangaren aikin, hukuma ke biyansa kai tsaye in ta amince da shi. Abin da ake riƙewa jingina ba ya wuce kashi 5 cikin 100, kuma in ba a samu aibi ba a sakar masa bayan shekara guda. Shi kuma yana ɗauke da alhakin ƙarfin ginin har shekara 10. Kowa da nasa nauyin.

Abin da ke yi mini ciwo shi ne mun riga su sanin wannan. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi, ƙarami ko babba, a kafa shaidu, kuma wanda bashin ke kansa shi zai faɗi abin da za a rubuta. In magini ya zuba guminsa kafin a biya shi, ai mu ne masu bashi a kai.

Don haka mai gida ya fara ɗaure kansa: nawa ne kafin alƙalami, nawa bayan tushe, nawa in gini ya kai kan taga, nawa bayan rufi, da kwanakin da ba zai wuce ba. A faɗi wanda zai ɗauki ƙari in siminti ya tashi a kasuwar Katako ta Yamai, don nan ne zumunci ya fi lalacewa. A karanta masa da Hausa gaban shaidu biyu, a bar shi ya ce bai yarda da sharaɗi kaza ba, a gyara. Bayan haka ne maganar tarar jinkiri za ta shiga kunnensa.