Ranar da Na Ɓuya a Bayan Surukina a Dutsen Hada

Waɗanda suka riga suka ga bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp, wanda ya nuna ni ina ɓuya a bayan surukina don tsoron biri, ina roƙonsu su daure su karanta wannan bayani har ƙarshe, domin abin da aka ɗauka bai kai minti ɗaya ba, kuma wanda ya ɗauke shi da gangan ya yanke farkonsa.

Surukina ya zo Umra daga gida, ya sauka a wurinmu a unguwar Misfala da ke Makka, kuma bayan ya gama ziyarce-ziyarcen cikin Makka sai ya ce yana da burin ganin Ɗa'ifa kafin ya koma. Ina durƙushe a gabansa ya tambaye ni ko na san garin. Shekarata 14 a Makka, ta wancan ɓangaren kuwa ban taɓa wuce Arfa ba, amma da bakina na ce, "Baba, ai Ɗa'ifa kamar yunwar cikina na san ta." Uwargida ta yi gyaran murya daga bayan labule, ban kula ta ba. Bayan kwana biyu mutanen majalisarmu suka yi karo-karo, aka ɗauki ƙaramar bas da ɗan jagora, muka tashi bayan sallar asuba.

Jagoran namu saurayi ne haifaffen Makka, jikan mutanen da suka zo da ƙafa ta Sudan, kuma Hausarsa ba ta yin taku uku sai ta ci karo da "ya'ani" ko "ɗayyib". Shi ya shaida mana cewa tafiyar ta hanyar Hada kimanin kilomita 90 ce, kuma za mu tashi daga Makka da ke kusan mita 300 a kan teku zuwa garin da ya haura mita 1,800. Dabarar da na yi ita ce na zauna a kujerar da ke bayan Baba, duk abin da yaron ya faɗa da Larabci tun kafin ya fassara sai in sunkuya in raɗa wa Baba shi da Hausa, kamar daga kaina ya fito. Dabarar ta yi aiki har muka isa Kara, gindin dutsen, inda hanya ta fara naɗewa kamar rawani, kunnuwana suka toshe, na daina jin Larabcin. Duk da haka ban yi shiru ba. Na nuna wa Baba wani gini a gefen dutse na ce ragowar ganuwar Banu Saƙifa ce, sai yaron ya ɗaga abin magana ya sanar da cewa mai buƙatar kewayawa ya yi haƙuri, wancan banɗakin da muka wuce a kulle yake. Baba ya ce, "Ikon Allah," bai ƙara komai ba.

Gaskiya wurin yana da kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa don haushin abin da ya same ni ba. Ga hazo yana yawo a ƙasa da mu, ga akwatunan telefirik suna zirya a kan waya tsakanin Hada da Kara, ga kuma tsohuwar hanyar raƙuma da aka shimfiɗa da duwatsu, wadda ayari ke bi tun kafin a san mota. A wani fili da ke kusa da ƙololuwa direba ya tsaya domin a ɗauki hoto. Kafin a buɗe ƙofa jagora ya yi gargaɗi sau biyu, da Larabci da Hausa, cewa kada kowa ya sauka da leda a hannu, saboda birran wurin sun san ƙarar leda fiye da yadda yaro ya san muryar uwarsa. Wannan na ji shi sarai. Amma mutumin da ya san gari kamar yunwar cikinsa ba ya bin gargaɗin baƙi, saboda haka na karɓi ledar Baba don girmamawa, wadda ke ɗauke da goronsa da maganinsa na hawan jini, na ce, "Baba, ku sauko, waɗannan birran sun saba da mu."

Yanzu ga abin da ya faru daki-daki, ba yadda aka nuna muku ba. Mun yi taku bai fi goma ba daga jikin mota, Baba yana damana yana dogara sandarsa, ni kuma ina sanye da farar shadda da hular zanna da ban taɓa sawa ba sai ranar. Ƙananan birrai suna zaune a kan katangar bakin hanya, kuma har na fara yi wa Baba bayanin halinsu. Sai wani gwaggon biri ya sauko daga kan dutse. Ban taɓa ganin irinsa ba: gashin kafaɗarsa fari-fari ya zubo masa kamar alkyabba, yana tafiya a natse irin ta hakimin da ya san ba za a fara taro ba sai ya iso. Bai dubi kowa ba, ledar kawai yake kallo. Na tsaya, shi ma ya tsaya. Na mayar da ledar hannun hagu, idonsa ya koma hagu. A nan na yi abin da kowane namiji zai yi, wanda kuma shi ne aka yanke daga bidiyon: na buga ƙafa a ƙasa, na daka masa tsawa na ce, "Kai!" Ina da shaidu biyu a kan wannan tsawa, ko da yake ɗayansu yanzu yana cewa tari ya ji.

Birin bai gudu ba. Hamma ya yi, doguwar hamma, ya nuna mini fiƙoƙi huɗu da kowannensu ya kai ɗan yatsana, sannan ya yi taku ɗaya zuwa gabana. Abin da ya biyo baya ban yi shawara da kaina a kansa ba. Ƙafafuna ne suka yanke hukunci, kuma da hankalina ya dawo sai na tarar da kaina a bayan Baba, na riƙe kafaɗunsa da hannu biyu, ina juya shi duk inda birin ya juya, kamar mai riƙe da garkuwa a fagen daga. Dattijon da ya haura shekara 70, wanda ban taɓa cin abinci a gabansa ba, wanda nake cire takalmi tun daga zaure idan zan gaishe shi, wanda ya ba ni 'yarsa bai karɓi komai ba sai sadaki, shi na tura gaba. Kuma bakina, wanda ya yi shekaru yana karanta addu'o'in tsari safe da yamma, bai tuna ko ɗaya ba. Abin da ya fito shi ne, "Wayyo Inna!" Sau uku na faɗa, na ukun da wata siririyar murya da har yau ban yarda tawa ce ba.

Ledar tana rataye a wuyan hannuna, wato a daidai kunnen Baba. Birin ya miƙe tsaye, ya miƙo hannu ta kan kafaɗar dattijon cikin ladabi, ya zare ta. A garin sunkuyawa hulata ta faɗi, wani ƙaramin biri da ban ma lura da shi ba ya sure ta ya haye dutse. Baba bai motsa ba. Sandarsa kawai ya ɗaga kaɗan, ya ce wa birin, "To, ka samu, sai ka ba mu wuri." Birin kuwa ya ba mu wuri. Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce da ni, "Malam, sake ni haka nan, ya tafi." Sai a lokacin na lura cewa har yanzu ina riƙe da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne birin bai yi nisa ba. A kan katanga ya zauna, a gabanmu duka, ya kwance ledar a tsanake. Ya ɓare goro ɗaya, ya tauna, ya yamutsa fuska, ya tofar. Ya ɗauko kwalin maganin, ya juya shi gaba da baya kamar mai duba ranar lalacewarsa, sannan ya soke shi a hammata.

A nan dole in yi magana a kan mai turaren nan na majalisarmu da muka yi tafiyar tare, kun san shi, wanda ke zama a ƙarshen benci yana cewa shi ba ruwansa da harkar mutane. Tsakaninsa da ni a lokacin bai fi taku huɗu ba, kuma a hannunsa akwai lema mai tsini, wadda da ya ɗaga ta da labarin ya canja. Bai ɗaga lema ba, waya ya ɗaga. Wannan mutum ni na tsaya masa lokacin da ya nemi ɗakin da yake ciki yanzu, ni na ɗinka masa kaftani biyu na ƙaramar salla wanda har yau riyal 150 na cikon kuɗin yana wurinsa, kuma duk ranar da na tuna masa sai ya ce kasuwa ce ba ta motsi. Kasuwa ba ta motsi, amma hannunsa ya yi motsin da ya ɗauko ni daga gefen da ya fi muni, har da matso da hoton kusa a daidai lokacin da na rufe ido. Da muka koma mota na tambaye shi, ya rantse cewa hazo yake ɗauka, ni ne na shigo masa cikin hoto. Wai hazo. Kuma ina so a sani cewa a cikin bidiyon dariyar da ake ji tana katsewa kamar tsohon injin markaɗe tasa ce, domin ya fara gaya wa mutane cewa ta direba ce, direban kuwa bawan Allah ne da bai ma sauko daga mota ba.

Sauran ziyarar na yi ta ne da kai a buɗe, cikin sanyin da ban shirya masa ba, domin wanda ya san Ɗa'ifa da gaske ba ya zuwa da shadda ɗaya. Mun tsaya a masana'antar turaren wardi, inda aka nuna mana manyan tukwanen tagulla da ake dafa furen a ciki, aka ce ana tsinkarsa ne da sassafe a watannin Maris da Afrilu, mu kuwa ba lokacinsa muka je ba, saboda haka tukwane kawai muka gani. Mun wuce ta gaban Fadar Shubra, inda Sarki Abdul'aziz ya zauna, jagora ya ƙara da cewa a Ɗa'ifa sarkin ya rasu a 1953, kuma a garin aka ƙulla yarjejeniyar 1989 da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Lebanon. Ban raɗa wa Baba ko kalma ɗaya ba. Sau ɗaya ya juyo ya ce, "Malam, haka ne?" Na ce, "Haka ne, Baba."

A Masallacin Addas ne kawai na manta da kaina. Yaron ya ba da labarin zuwan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tare da Zaidu ɗan Harisa a shekara ta 10 bayan aiko shi, da jifan da mutanen garin suka yi masa, da yadda ya fake a gonar Utba da Shaiba, har bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. Motar ta yi tsit, Baba yana share hawaye da gefen rawaninsa, ni kuma na ji kunyar cewa tun safe hula nake wa makoki.

Muna fitowa daga sallar azahar a Masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda a garin ya rasu a shekara ta 68 bayan Hijira, wayata ta yi ƙara. Uwargida ce. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Abban yara, da Babana ka kare kanka?" A bayanta ina jin muryar maƙwabta, ina kuma jin "Wayyo Inna" yana tashi daga wata wayar. Ashe tun muna kan dutse hazon mai turare ya isa WhatsApp ɗin majalisa, daga can ya gangara unguwar Jarwal da Jidda, kafin la'asar ya sauka Katsina.

Sai kuma batun magani. Na shiga kantin magani guda uku, a kowanne a tambaye ni sunansa, in koma mota in tambayi Baba, ya ce, "Ɗan ƙarami ne fari, ana sha da safe." Da mai kantin ƙarshe ya ce in kawo kwalin ya gani, na rasa yadda zan gaya masa da Larabci cewa kwalin yana hammatar wani a Hada. Sai da aka kira ƙanin uwargida a gida ya turo hoton takardar likita. A nan abincin rana ya wuce ni, har da saliƙ ɗin nan na shinkafa da madara da ake ta yabo, kuma an ce mai turare ya ci rabona don kada a yi asara.

Ta hanyar Sail muka dawo, ba ta Hada ba, na kuma gode wa Allah. A miƙatin Ƙarnul Manazil Baba da wasu suka ɗaura harami don sabuwar Umra, nan take motar ta cika da kawuna marasa hula, na ɗan samu sauƙi.

Baba ya koma gida makon jiya, bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai a filin jirgi da na miƙa hannu zan karɓar masa jaka ya ce in bar ta, zai iya. Hular kuwa riyal 120 na saye ta. Mai turare ya ce ya goge bidiyon, kuma zai kawo cikon kuɗin ɗinki bayan Hajji, bai dai faɗi na wace shekara ba.