Inabin da ba ya jiran feshi

Na san wasu za su ce me ya haɗa ni da gonakin inabin Turai, alhali yawancinsa giya ake yi da shi. Ni ba na sha, amma noma ne ya dame ni, kuma cutar da ke cin ganyen inabin giya ita ce ke cin na ci, har wanda ake nomawa a Kudan ta jihar Kaduna.

Cututtukan fumfuna biyu da suka addabi inabin Turai daga Amurka suka zo, ɗaya wajen 1845, ɗayar kuma ta bulla a Faransa a 1878. A 1885 masanin tsirrai Millardet ya fito da haɗin tagulla da farar ƙasa don maganin cuta ta biyun, wanda har gobe ake fesawa. A shekarar da ruwa ya yi yawa manomi kan yi feshi fiye da sau goma, ita kuwa tagulla ba ta ruɓewa, taruwa take yi a cikin ƙasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade ta zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai.

Mafita tana jikin inabin dajin Amurka da na Asiya, waɗanda ke iya jure cutar. Masana sun yi ta barbararsu da na Turai, aikin da ke cin shekaru: a 1967 aka haɗa irin Regent a Jamus, amma sai a 1996 aka amince a noma shi. Faransa ta yi rajistar sababbin iri masu jure cutar, Artaban da Vidoc da Floreal da Voltis a 2018, kuma feshi biyu ko uku ya ishe su a shekara.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, suna ne ke tare hanya. Mai saye ya san tsohon iri kamar Merlot, bai san Vidoc ba, don haka manomi yake tsoron tuge tsohuwar gona, leburan da ke shaƙar maganin kuwa ba mai tambayar ra'ayinsu.

Ba na goyon bayan masu cewa a daina feshin kwata-kwata, domin an riga an ga cutar ta karya garkuwar irin Bianca mai kariya guda ɗaya. Wannan ne ya sa masanan Faransa suke tara kariya biyu ko fiye a kan kowace cuta a cikin iri ɗaya kafin su miƙa shi ga manoma.