Marsandin da aka ce kar a tuƙa a Amurka ita ake sayar mana

Wallahi abin nan yana ƙona min rai. A watan Mayun 2022 kamfanin Mercedes ya fito a Amurka ya ce duk mai ML ko GL ko R-Class ƙirar 2006 zuwa 2012 ya ajiye ta, kar ya sake tuƙawa sai an duba, mota kusan dubu 292 fa, wata guda bayan haka kuma hukumar motoci ta Jamus ta ce abin ya shafi kusan miliyan ɗaya a duniya. Kuma ba matsalar rediyo ko esi ba ce, birki ne! Akwai wata roba da ta lulluɓe bustar birkin, wato na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi in ka taka, danshi sai ya shige ƙarƙashinta ya zauna, tsatsa ta yi ta cin ƙarfen, ranar da ka taka birki da ƙarfi abin yana iya ɓallewa, ka taka feda ka ji wayam.

To su can an aika musu wasiƙa har gida, gyara kyauta. Mu fa? Ita wannan ML ɗin ce dai ake sauke mana a Legas da Kwatano, a wanke ta a goge tana sheƙi, a jera a Kano da Kaduna da Abuja ana cewa Beljiyam ce dal, ranka ya daɗe ko kwalta ba ta taka ba. Mutum ya tara guminsa na shekaru ya zuba miliyoyi, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya hau titin Abuja zuwa Kaduna yana gudun 120, babu wanda ya taɓa ce masa ga abin da ke ƙarƙashin bonet ɗinsa. Dillali ruwansa la'ada, bakanike ya canja maka mai ya ce lafiya lau, a hanya kuma takardun kwastam da lasin za a tambaye ka, shi kenan. In an yi hatsari a ce birki ya tsinke, ƙaddara ce. Eh mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ƙera motar da kansa ya ce akwai aibi, don me za a ɓoye wa mai saye?

Haka BMW a 2023 ta ce a daina tuƙa tsofaffin 3 Series da 5 Series da X5 kusan dubu 90 saboda eyabag, wato jakar iskar da ke kare mutum in an yi karo, ƙirar kamfanin Takata, da ke fashewa ya watsa wa direba ƙarafa a fuska, kuma zafi da danshi ne ke ƙara lalata shi, wato yanayinmu sak.

Haba jama'a! Lambar chasis haruffa da lambobi 17 ce, a gindin gilashin gaba take ta ɓangaren direba, in motar daga Amurka ta zo ka sa ta a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kyauta zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi ba. Me zai hana a wajabta wannan tun a tashar jirgin ruwa kafin mota ta fito? Dillalin da ya ƙi bari ka duba lambar nan, ka riƙe kuɗinka ka yi gaba.