Kada a goge sunan wanda ya fara ɗaure ƙunshin

Kwanakin baya, bayan la'asar, a ofishinmu na Jidda inda muke tsara motocin da ke ɗaukar masu Umara daga filin jirgi zuwa Makka, wani yaro da muke aiki tare ya kira ni in duba gyaran da ya yi. Wata 'yar manhaja ce ta lissafin kwanakin Hijira da muke sanya wa kwamfutocinmu masu aiki da tsarin Linux. Wanda ya fara ɗaure ƙunshinta, wato ya shirya ta yadda za a iya sauke ta a kwamfuta, ɗan Damagaram ne, iƙamarsa ta ƙare ya koma gida. Yaron ya yi gyara tsaf, sai dai a saman fayil ɗin ya goge sunan mutumin ya ɗora nasa.

"Yaya, ai ya tafi," in ji shi. "In abu ya lalace ni za a nema."

Rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ya hana ni sakat.

A harkar buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da damar duba rubutunta ya gyara, mai rubutawa daban, mai ɗaurewa daban. Shi mai ɗaurewa shi ne ke ɗauko aikin wani, ya daidaita shi da sauran kayan da ke cikin tsarin, ya toshe ɓarakar tsaro, ya amsa ƙorafin masu amfani, galibi ba ko sisi. Kai da ka buga umarni ɗaya manhaja ta sauka, ba ka ganinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. To layin sunan nan shi kaɗai ne ladan da yawancinsu ke samu a duniya, kuma da shi wani ke nuna wa mai ɗaukar aiki cewa ya iya.

Amma sunan yana ɗauke da kaya biyu: yabo da alhaki. Ra'ayina shi ne duk dokar ɗaure manhaja da ta cakuɗa su wuri ɗaya za ta zalunci wani. 'Yan Arch Linux, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, sun raba su da layi biyu a saman fayil: ɗaya na mai kula a yanzu, ɗaya na waɗanda suka sa hannu a baya. Ka karɓi ƙunshi, sunanka ya hau, na wanda ka gada ya sauko layi na biyu, ba ya ɓacewa. Debian, wani nau'in Linux ɗin da Ian Murdock ya kafa a 1993, tana da gurbin mai kula da gurbin masu taya shi, ga kundin canje-canje inda kowane gyara ke ɗauke da suna da kwanan wata.

Abin da ya faru tsakanin Debian da Ubuntu ne ya fi koya mini darasi. Ubuntu, ita ma nau'in Linux ce, ta fito a 2004 tana ɗibar ƙunshin Debian tana yi musu canji, sunan mai kula na Debian kuma yana nan a kai. Sai masu amfani suka riƙa kai kuka wurin mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mafitar da aka samu: idan Ubuntu ta taɓa ƙunshi, sai ta sa sunan ƙungiyarta a gurbin mai kula, ta mayar da na Debian wani gurbi na mai kula na asali. Wanda ya ci ladan kuturu shi ne zai yi masa aski, wanda ya fara aikin kuma ba a manta da shi ba. Ko Daniel Stenberg mai curl, wata manhajar aika bayanai ta intanet da ake sanyawa har cikin motoci, mutane na aiko masa da saƙo kan matsalar motocinsu, don kawai sun ga adireshinsa a shafin lasisin da ke allon motar.

Mu da muke zaune a ƙasar Makka da Madina bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ɗalibanmu da ke karatun hadisi sun haddace maganar Abdullahi bin Mubarak cewa isnadi yana daga addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ba ina haɗa manhaja da hadisi a daraja ba ne, hikimar nake nufi: a san hannun da abu ya biyo. A Maris na 2024 Andres Freund ya gano wata ƙofar ɓoye ta masu kutse da aka dasa a cikin xz, wata manhajar matse fayiloli. Wani mai kiran kansa Jia Tan ne ya yi shekaru yana taya Lasse Collin, mai kula da xz ɗin wanda aiki ya yi wa yawa, har ya samu amana. Sunan bai hana ɓarnar ba, shi ya sa malaman hadisi ba su tsaya ga suna ba sai sun binciki mai shi. Amma da yake kowane gyara na ɗauke da sunan wanda ya yi, an iya bin sawunsa ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa jerin sunaye zai yi tsawo suna da hujja. Tsohon lasisin BSD, ɗaya daga cikin lasisin buɗaɗɗiyar manhaja, ya wajabta ambaton masu aiki a kowace talla, abin ya yi nauyi har jami'ar Berkeley ta janye sharaɗin a 1999. To a bar talla, a rubuta a fayil. Fayil ba ya gajiya. Kuma a sa har da masu fassara zuwa Hausa da Larabci da masu gwaji, don su ne ake fara mantawa da su. Tun da gwamnatin Saudiyya ta amince da ƙa'idojin buɗaɗɗiyar manhajar hukuma a 2021, ina fata kamfanonin da ke karɓar kwangila, inda 'yan uwanmu da yawa ke aiki kafin su koma gida, za su rubuta wannan a dokarsu ƙarara.

Yaron ya mayar da layin kafin magariba. Muka tura wa mutumin Damagaram saƙo ta WhatsApp muna tambayar yadda yake so a rubuta. Da daddare ya aiko da murya: a bar sunan, a cire imel ɗin, shi yanzu noma yake yi.