Mulkinka ya zo, ko dai nawa?

Ran Lahadin da ta wuce na kama kaina dumu-dumu, har yau kunya ba ta sake ni ba. An kammala wani aiki a cocinmu da na yi makonni ina ɗawainiyarsa. Aka tashi yin godiya, aka jero sunaye, nawa bai fito ba. Ina zaune ina murmushi, cikina yana tafasa. Ba a yi minti biyar ba muka miƙe yin addu'ar Ubangiji. Bakina ya ce "Mulkinka ya zo," zuciyata kuwa tana can tana tsara saƙon da zan tura wa shugaban kwamiti. Kafin in kai gida har na rubuta shi a waya, dogo, cike da "ba don kaina nake faɗa ba."

Don kaina nake faɗa mana.

'Yan'uwa, wannan ciwon ba a kanmu ya fara ba. A Markus 9 Yesu ya gama faɗa wa almajiransa za a kashe shi. Da suka isa Kafarnahum suka shiga gida, ya tambaye su gardamar me suke yi a hanya. Suka yi tsit, domin musun wane ne babba suke yi. A sura ta 10 ya sake faɗa musu, har da ba'a da tofa yau da bulala, sai ga Yakubu da Yahaya 'ya'yan Zabadi sun matso suna roƙon kujera, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Sauran goman suka ji haushi. Ni dai ban ɗauka tsoron Allah ne ya sa su fushi ba, riga su aka yi. Ka buɗe Markus 15:27 ka ga waɗanda suka samu dama da hagun nan ranar da aka rubuta "Sarkin Yahudawa" bisa kansa. 'Yan fashi biyu ne, kowa a kan gicciyensa. Yakubu da Yahaya ba su san abin da suke roƙo ba, mu ma haka.

Mun ji kalmar mulki, sai hankalinmu ya tafi kan kujerar gaba da muƙami da tafi. Yesu kuwa da taro suka so naɗa shi sarki ƙarfi da yaji bayan ya ciyar da mutum 5,000, kan dutse ya koma shi kaɗai. Ya ce wa gwamna Bilatus mulkinsa ba na duniyan nan ba ne. Farisiyawa, wata ƙungiyar addinin Yahudawa, suka tambaye shi yaushe Mulkin Allah zai zo, ya ce ba za a nuna shi a ce ga shi nan ko ga shi can ba, yana tsakaninku. Ya misalta shi da yistin da mace ta cuɗa cikin mudu uku na gari. Wa ya taɓa ganin yisti bayan an kwaɓa? Ya ɓace, amma duk ƙullin ya kumbura. Ni kuma ina so in zama yistin da za a kira sunansa a lasifika.

Kada ka yi mini dariya, ɗan'uwa, duba naka. Kai da ka daina zuwa koyon waƙa tun ranar da aka ba wani bakin waƙar. Baba dattijo, da girmamawa nake faɗa, tun da ka faɗi zaɓe ba mu sake ganinka a taron addu'a ba. 'Yar'uwa, ke da ba ki iya kai wa mara lafiya ziyara sai hoton ya hau Facebook kafin ki fita daga ɗakin. Kai da baikon da kake bayarwa a coci yake ninkuwa duk ranar da aka ce za a karanta sunaye. Wa muke yi wa aiki?

Ina ƙaunarku, shi ya sa na fara da tonon asirin kaina. Don Allah mu bari. Kafin ka sake cewa "Mulkinka ya zo," tsaya ka tambayi zuciyarka ko za ta yarda ya zo ba tare da an ambaci sunanka ba. Mu bari haka nan, 'yan'uwa.

Saƙon nan yana cikin wayata har yanzu. Ban tura ba, ban kuma goge ba. Ku sa ni a addu'a.